Akwatin Lamba da Na Shanya a Rana

Tun da na dawo daga ƙasar Faransi, wadda ke arewa da mu, ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci tambaya, in na zauna a zauren Malam Buhari bayan la'asar tambaya. Wannan ya ce yaya aikin Likita yake, wancan ya ce wai da gaske ne Faransawa na cin kwaɗi, wani kuma ya ja ni gefe ya ce in yi masa hanya shi ma a ɗauke shi, don ya ga na dawo da farar riga mai aljihu. Na gaji da amsa guntu-guntu. Yau zan faɗa muku gaba ɗaya, wanda ya ji kuma yana son farar rigar, bismillah.

Da farko ku sani, gidan Likita da ke bayan ganuwa ba na gwamnati ba ne, ba kuma na Razdan, Baturen mulki, ba. Wata ƙungiya ce ta can ƙasar Turawa, mutane ke tara sadaka a aiko masu magani garuruwan da cuta ta yi yawa. Likitar mace ce, doguwa, ba ta dariya sai ran da Allah ya nufa. Ku kuna zaton kowa a gidan nan likita ne, to ba haka ba ne. Akwai wani Bayarabe da ke wuni yana leƙa jinin mutane ta cikin madubi, bai taɓa ɗaure ko yankan farce ba. Akwai mai wanke gyambo, wanda ko sunan magani bai sani ba, amma hannunsa ya fi na kowa sanyi. Akwai tafinta, akwai mai riƙon makullin ɗakin ajiya da ya fi Likitar kanta girman kai. Kowa da abin da ya sani, kuma kowa na ɓoye nasa kada na kusa ya iya.

Ni aikin lamba anka ɗauke ni, wato tsagar nan ta damtse da ake ɗiga wa ruwan magani don kada agana ta kama mutum. Ba don na san magani ba. Likita na neman wanda zai rubuta sunayen mutane da ajami, wanda kuma in ya yi magana a ƙauye za a ji, don an san gidansu. Mahaifina ya yi kwana uku bai amsa ba. Ran na huɗu ya ce: "Ummaru, agana ta ci mini ɗiya biyu kafin a haife ka. Tahi, amma kada ka ba sunan gidanga kunya." Likita ta tsaga ni da hannunta, wurin ya kumbura ya yi ruwa ya warke, sannan ta koya mini tsagar a kan kabewa har hannuna ya faɗa.

Cikin bazara labari ya zo cewa agana ta ɓulla a ƙauyukan da ke bayan Ƙonni, a ƙasar Faransi, tana biyo hanyar fatake tana gangarowa. Kwamandan can, Baturen mulkinsu, ya aiko da takarda yana neman taimako, don nasu likitan ya yi nisa. Likita ta zaɓi mutum uku. Akwai Garba mai haɗa magani, Bakano, wanda ya shekara goma a gidan, shi ne babba. Akwai Inna Hajo ungozoma, mai zanen agana a fuska tun tana ƙarama, ita za ta shiga wurin matan kulle. Sai ni. Anka ba mu jakuna uku da ɗan akwatin katako wanda bai fi gafaka girma ba. A cikinsa akwai 'yan siraran kwalabe kamar tsinke, jere cikin auduga, su ne ruwan lambar. Takardar izinin wucewa mai sunayenmu da rubutun Faransanci, Garba ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin murfin. An naɗe akwatin da buhun algarara, buhun kuma jiƙe yake sharkaf.

Wannan jiƙar ta tsaya mini a rai tun daga ƙofar gari. Ku kun san gidanmu, gidan malamai ne. Na tashi inda in aka ga hadari, kafin a kwashe yara sai an kwashe littattafai. Na taɓa shan bulala bakwai don na ajiye buta kusa da gafakar mahaifina. Ga shi yau ina kallon mutum na kwara wa akwati mai takarda ruwa da gangan.

A Kwalkwalawa, wurin ƙetare gulbi, jakin da ke ɗauke da akwatin ya kai tsakiyar ruwa sai ya ga dama ya kwanta. Na yi ihu, na faɗa ruwan da rigata da takalmina na ɗauko akwatin na ɗora a ka. Masu wankin albasa a bakin gulbi sunka yi ta dariya, Garba ya fi su.

"Kai Basakkwace, ajiye shi! Ruwa ba ya yi masa komai."

Da munka hau tudu na matsa kusa da shi na ce: "Malam Garba, don Allah mi ya sa ake jiƙa shi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Jiya-jiya ka zo, yau kana so ka san abin da na shekara goma ina koyo? Haka Likita ta ce. Kai dai riƙe alƙalaminka."

Ban sake tambaya ba, don ni ma ina da zuciya. Daga baya Inna Hajo ta raɗa mini cewa Garba bai iya karatu ba, kuma tun ran da anka ɗauke ni yake jin tsoron wata rana za a ba ni kujerarsa.

A Kware munka sauka gidan wani da ya yi karatu wurin mahaifina. Ya yanka mana zabo, matarsa ta dama fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Wannan shi ne daɗin da na sha na ƙarshe a tafiyar. A Gwadabawa zangon fatake munka kwana, kuɗin cizo sunka yi kalaci da mu, na tashi jikina duk rudu-rudu. A nan ne munka fara haɗuwa da masu gudu. Wani Buzu mai raƙuma biyu ya ga mun nufi arewa, ya ɗaga rawaninsa ya rufe hanci ya ce mu koma, ya baro gari guda inda masu haƙa kabari sunka gaji sunka zauna. Inna Hajo ta ce masa ai wurin za mu. Ya dube mu kamar waɗanda sunka taɓu, ya ja raƙumansa. Duk rijiyar da munka tsaya, kafin mu sha sai Garba ya shayar da buhun.

Ni a zatona iyakar ƙasa ganuwa ce mai ƙofa da dogarai. Ashe wani tulin duwatsu ne da anka shafa wa farar ƙasa, a tsakiyar gonar wani bawan Allah, rabin gerona na Ingilishi rabi na Faransi, in ji shi. Gaba kaɗan akwai rumfa, da gardawan Faransi uku masu jajayen huluna da bindigogi. Baƙar fata ne kamar mu, babbansu ma Hausa yake ji, amma bai amsa sallama ba, hannu kawai ya miƙo.

Garba ya kwance buhun, ya buɗe akwati, ya zaro takardar. Danshi ya shige ta, tawadar ta narke a wurin ninkin. Sunana ya tsira, na Inna Hajo ya tsira, layin farko kuwa, inda sunan Garba yake, ya zama baƙin tabo.

Babban gardin ya juya takardar ya ce: "Mutum biyu nag gani nan. Ku uku na."

Garba ya yi bayani, ya rantse, ya nuna farar rigarsa. Gardin ya ce Kwamanda ya fita rangadi, sai ya dawo zai duba, kafin nan Garba zai zauna tare da su. Garba ya ɗaga murya, ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa gindin bindiga a ƙirji ya tura shi cikin rumfar. Babban ya ce mu biyun ko mu wuce yanzu ko mu koma. Ban sami ko kalma ɗaya da Garba ba. Na ɗauki akwatin, munka kora jakunan.

Mun yi tafiyar kamar sa'a guda. Tsoro ya cika ni, haushi kuma ya fi tsoron. Da munka tsaya sallar azahar gindin wata aduwa, na sauke akwatin na buɗe. Audugar ciki ta yi danshi, littafin sunaye da zan rubuta shi ma gefensa ya fara laushi. Sai na yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi da littafin da ruwa ya taɓa. Na yaye buhun na jefar. Na shimfiɗa mayafina a kan wani falalen dutse, na baje audugar da kwalaben da littafin a rana, ranar bazara ta tsakar azahar, ina juya su ɗaya-ɗaya don su bushe da kyau.

Inna Hajo ta ce: "Ummaru, Garba fa jiƙawa yake yi."

Na ce: "Awo, Inna, ga abin da jiƙawar ta jawo mana, yana can hannun masu jar hula."

Ta ƙyale ni, don ita aikinta wurin mata ne, ba a taɓa faɗa mata sirrin akwatin ba. Da komai ya bushe ƙayau na mayar, na zura akwatin cikin jakar fata na ɗaure bakinta. Har wani daɗi na ji, na ce yau dai an yi abu da hankali.

Ƙasar Faransi Hausa ake yi kamar nan, tuwon gero ne kamar nan, amma mutanen a firgice suke. Mun wuce wasu da anka kamo aikin hanya, suna ɗauke da duwatsu a ka, gardi na binsu da bulala. A nan wurinmu in Bature ya zo wucewa durƙusawa ake yi, a can sai ka miƙe tsaye ƙyam ka tuɓe hula, in ka durƙusa ma laifi ne. A bakin kasuwar Ƙonni wani kuku ya ba mu burodinsu, dogo kamar taɓarya, Inna Hajo ta gwada haƙori ta ce wannan sai dai a ba jaki, jakin ma ya sunsuna ya kau da kai. Ganyen zogale kuwa suna cinsa da ƙuli fiye da yadda muke ci. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba mai kama sunan agana. Sai dai a rage murya a ce "ado", kamar tana bayan darni tana saurare.

Kwana ɗaya bayan Ƙonni munka isa Dogon Gawo, garin da anka rubuta mana. Mun ishe su suna ɗaure kaya. Cutar ta shiga ƙauyen da ke gabas da su, tafiyar rabin yini, sun yanke shawara su watse cikin daji kowa ya kafa bukka a gonarsa har damina. Mai garin, Arzika, dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, da wuƙa ɗaure a damtse. Ya saurare ni har na gama, bai ƙifta ido ba.

"Maganin Nasara na?"

Na ce nasu ne, amma ga damtsena, a kaina anka fara. Na nuna masa tabon.

"Kai ɗan wa?"

Na faɗi sunan mahaifina da na kakana. Limamin garin da ke gefe ya ɗago kai, ya ce ya san gidan, ya taɓa kwana a zaurenmu shekarar da ya je ziyara Sakkwato. Nan take fuskar Arzika ta canza.

"In an yi wagga tsaga, ba mu da bukatar gudu?"

Jama'a, ga inda na kashe kaina. Na dafa ƙirji na ce: "Na rantse da girman gidanmu, wanda duk na tsaga, ko ya kwana ɗaki ɗaya da mai ado ba abin da zai same shi." Likita ba ta taɓa koya mini in faɗi haka ba. Ita cewa take sai an duba damtse bayan kwana bakwai, in ya kumbura ya yi ruwa sannan ta kama. Na sani sarai, amma ina so su ajiye kayan nan, ina kuma so in koma gida a ce yaron nan shi kaɗai ya yi abin da Garba bai yi ba.

Arzika ya aika cikin gida anka fito da ɗiyarsa, Tabawa, 'yar shekara shida, mai manyan idanu da wushirya. Ita kaɗai ta rage masa cikin haihuwa tara. Ya ɗora ta a cinyarsa ya riƙe hannunta ya ce in fara da ita, don jama'a su gani. Na fasa bakin kwalbar, na tsaga, na ɗiga. Ba ta yi kuka ba, kallon askar kawai take yi. Kwana biyu ina tsaga maza da yara a ƙofar gidansa, Inna Hajo na yi wa mata a ciki, har kwalaben sunka ƙare. Anka kwance kaya, kasuwa ta ci, anka riƙa aiko mini da ƙwai da nono har na rasa inda zan sa.

Ran na biyar na fara leƙen damtsen yaran da ke wasa a ƙofar gida. Na tuna nawa, ran na huɗu ya riga ya yi ja yana ƙaiƙayi. Nasu kuwa tsagar ta haɗe ta bushe kamar ƙarzunar ƙaya. Na ce wataƙila jinin mutanen nan ne mai nauyi. Ran na shida na duba mutum ashirin da wani abu, ko ɗaya babu. Na kasa cin abinci. Inna Hajo ta ce na matan ma haka.

Ran na bakwai da hantsi sai ga Garba a ƙafa, ya rame, leɓensa ya tsage. Kwamanda ya dawo ya sake shi. Ko ruwa bai sha ba ya ce ina akwati. Na zaro shi daga jakar fata na miƙa masa. Ya shafa katakon, ya juya shi, ya dube ni.

"Ina buhun?"

Na faɗa masa abin da na yi, har da falalen dutsen. Garba ya zauna a ƙasa daɓas, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Ummaru, abin nan mai rai ne. Sanyi ke riƙe shi. Rana ta sa'a ɗaya ta isa ta kashe shi. Ruwan banza ka ɗiga wa mutane."

Na ce cikin kuka: "Ai na tambaye ka a Kwalkwalawa!"

Bai musa ba. Sai ya rage murya ya ce mu ɗaure kaya yanzu, mu ce za mu gaba, mu koma Sakkwato mu ɗauko wani, in mun dawo mu ce dama sau biyu ake yi. Ya ce in anka ji gaskiya a garin nan, ga mai gari da wuƙa a damtse, ga Kwamanda da kurkuku, ba wanda zai sake ganin gida. Wallahi na so in yarda. Ƙafafuna har sun fara neman takalmi.

Inna Hajo ce ta tare ƙofar. Ta ce: "Ku ba ku shiga cikin gida ba, ni na shiga. Uwar Tabawa ta ɗauke ta tun kwana huɗu, sun tahi gabas duba kakarta da ke kwance da ado. Uwar ta taɓa yi tana ƙarama, ba ta tsoro. Yarinyar kuwa an ce malamin Sakkwato ya rantse. Gobe ma akwai mata biyar da za su bi bayansu gaisuwa, da goyo."

Ban san yadda na isa ƙofar Arzika ba. Na ishe shi yana gyaran igiyar guga, da mutane kamar goma. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na faɗi komai. Ban sa sunan Garba a ciki ba. Wani saurayi ya miƙe da sanda, Arzika ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

"Mi kac ce? Sake faɗi."

Na sake. Ya ajiye igiyar a hankali. Ya sa anka ɗaura wa doki sirdi a je a ɗauko Tabawa, ya sa mai shela ya zaga gari kada kowa ya nufi gabas. Sannan ya juyo gare mu.

"Bakano shi koma shi ɗauko mai rai. Tsohuwa ta yi abin da ta iya. Kai kuwa ɗan malam, kana nan wurina har mu ga abin da Allah ya yi da ɗiyata."

Kafin Garba ya tafi ya ce kada a shigo da yarinyar gari, a kafa musu bukka a gona ita da uwarta da Inna Hajo, kada kowa ya matsa. Wannan shawarar tasa ita ta tsare garin, ba zan danne masa haƙƙinsa ba.

Ni anka ba ni ɗaki a zauren Arzika. Ba a ɗaure ni ba, ba a zage ni ba, da ma an yi da na fi samun sauƙi. Safe da yamma shi da kansa ke kawo mini akushi ya ajiye, tuwo da nama, ya zauna daura da ni yana kallo sai na ci. Ina haɗiyar lomar ina kallon wuƙar damtsensa. In na fita alwala, mata su janye 'ya'yansu. Kullum da hantsi Inna Hajo na tsayawa daga bakin gona ta ɗaga murya ta faɗi yadda anka kwana, ni da shi muna tsaye nesa muna ji. Kwana bakwai tana cewa lafiya lau, yarinya na wasa da 'yar tsana. Har na fara cewa a raina wataƙila Allah ya rufa asiri.

Ran na takwas ta ce zazzaɓi da ciwon baya. Bayan kwana uku ta ce ƙuraje sun feso a goshi. Arzika ya juyo ya dube ni, kallon da har gobe in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, sannan ya koma gida ya kawo mini tuwona kamar kullum. Na yi sallolin da ban taɓa yi ba. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Ba zan yi muku ƙarya ba, rabin addu'ar tata ce, rabi ta wuyana.

Garba ya dawo ran na goma sha biyu, a kan doki da Likita ta nemo masa, akwatin na ɗigar da ruwa. Na yi zaton ba mai sake miƙo hannu a garin nan. Arzika ya tara jama'a, ya kwance wuƙar damtsensa ya ajiye a ƙasa, ya naɗe hannun riga. Garba ya matso da aska, Arzika ya ce a'a, ya nuna ni.

"Shi za shi yi. Shi ya san abin da ke cikin kwalbar yanzu."

Garba ya miƙo mini askar, ya riƙe mini gwiwar hannu. Na tsaga shi, na tsaga sauran. Wannan karon ban rantse wa kowa da komai ba, na ce su jira kwana bakwai. Munka jira, damatsa sunka kumbura sunka yi ruwa, kusan duka. A cikin kwanakin nan ne Inna Hajo ta ɗaga murya daga gona ta ce ƙurajen sun fara bushewa, yarinya ta nemi kunu. Mata sunka yi guɗa. Ita Inna ba ta yi ba, na lura, amma ban tambaya ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Masu jar hula ba su ko dube mu ba. A Gwadabawa Garba ya zaunar da ni ya koya mini awon magunguna uku ba tare da na roƙa ba. Na faɗa wa Likita komai ta bakin tafinta, ina jiran ta karɓe rigar. Ba ta karɓa ba. Ta tara ma'aikatan gidan duka, har mai makulli, ta ce daga yau duk wanda anka ba aiki sai an faɗa masa dalilinsa, wanda ya ɓoye wa na ƙasa da shi kuwa ya kama hanya. Mahaifina ya ji, bai ce mini komai ba har yau.

Abin da ban faɗa wa Likita ba shi ne safiyar da za mu baro Dogon Gawo. Mun ɗaura wa jakuna kaya, Arzika ya ce in dakata. Ya shiga gida, don ran nan ne anka wanke yarinyar anka ƙone bukkar anka dawo da ita. Ya fito yana riƙe da hannunta, tana taka ƙasa a hankali. Fuskar duk ta zane. Na sunkuyar da kai.

"Ɗago. Dube ta da kyau."

Na ɗago. Idanun nan manya sun yi fari fat, duka biyun.

Ta ce: "Baba, wa ke nan?"

Ya ce: "Baƙonmu na, za shi gida. Gaishe shi."

Ta saki hannunsa ta durƙusa, ta fuskanci wajen da jakuna suke, ba inda nake tsaye ba, ta ce: "Malam, sannu da aiki. Allah shi kai ka lafiya."

Arzika ya jira, ita ma ta jira tana durƙushe, har Inna Hajo ta amsa mata a madadina.